Ni da Saratu a Ɗakin Mama Hannatu

Kalgo

Ƙarfe biyar da rabi na asubar Asabar na fito gida da tuluna naɗe cikin tsohon bargo. Ni malamar firamare ce daga Zuru, kuma ni ke buga tulu a zumuntar matan cocinmu na Kalgo. Saƙo ne ya zo daga Gwandu cewa jikin Mama Hannatu ya yi tsanani. Tsohuwar nas ce, ita ta koya mana kiɗa, kuma ta ce tana son ta ji ni da Saratu.

Saratu ce mai kaɗa caki. Shekara biyu ba ma ga-maciji, tun ranar da ta kai wa fasto ƙara wai buguna ya mai da sujada gidan biki. Na tarar da ita a tasha ta ci leshi da gwaggwaro, sai ka ce gasar ado aka kira mu. Ta kame kujerar gaba, ni na shige baya da tulu a cinya. Shida da minti ashirin mota ta cika.

Jega da Aliero

Kafin mu shiga Jega muka tsaya a shinge. Ɗan sanda ya leƙo ya ce, "Mi ke cikin bargon ga?"

"Tulu na, yallaɓai," in ji direba.

Saratu ta gyara zama ta ce, "Mu mawaƙa ne." Ba wanda ya tambaye ta.

A Jega muka sake mota. A Aliero muka sha koko da ƙosai a bakin titi, buhunan albasa jibge kewaye da mu. Saratu ta toshe hanci da hankici, ita da kowa ya san ta da tallar daddawa a Zuru.

Gwandu

Tara da kwata ɗan acaba ya sauke mu a ƙofar gidan Mama Hannatu. Maƙwabciyarta Inna Aisha, wadda ke dama mata kunu kullum, ta shigar da mu. Mama Hannatu ta rame ƙwarai, amma bakin yana nan.

"Kun zo? Ku bar gaisuwa, ku buga."

Muka ɗauko waƙar godiya da ta fara koya mana. Na buga da ƙarfi don in danne Saratu, ita ma ta ƙara sauri don ta bar ni baya. Ba mu kai rabi ba Mama ta ɗaga hannu.

"Wannan kiɗa ne ko dakan gero? Rahila, wa kike buga wa? Saratu, ke kuma ina za ki da gudu? Kun taso tun daga Kalgo don ku yi mini dambe a ɗaki. In haka kuke yi gaban Ubangiji, gara ku zauna gida."

Inna Aisha ta juya kai tana dariya. Ni kunya ta rufe ni.

Muka sake. Wannan karon na kasa kunne ga caki, na sa buguna a gurbin da ya bari. Da muka kai baitin da ke cewa Yesu bai bar mu mu kaɗai ba, sai Mama ta shiga waƙar da 'yar muryar da ta rage mata. Da na ji muryarta, kiɗan ya kuɓuce mini. Saratu ba ta wuce ba. Ta sassauta, ta riƙe mini wurin tana kallona har na dawo. Na daɗe ina zuwa coci, amma ban tuna ranar da na yi addu'a irin ta wannan bugun ba. Sau huɗu muka maimaita.

Mama ta ce, "Da dama-dama." Iyakar yabon ke nan.

Muka ci tuwon shinkafa da miyar kuka, muka yi sallama ƙarfe uku.

Komawa

A mota Saratu ta shigo baya ta zauna kusa da ni. Bayan mun wuce Aliero ta ce, "Yaya Rahila, kawo tulun, ƙafarki ta huta." Na miƙa mata. Har yanzu tana da iyayi, kuma gwaggwaron nan ya tokare mini ido har Kalgo.

Shida saura kwata na shiga gida. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, na gode wa Inna Aisha. Ranar Talata Mama Hannatu ta rasu. Ni da Saratu muka buga a jana'izarta, kuma mota ɗaya muka shiga.