Ƙugiyoyin Baba Biyar

Wata Alhamis ce cikin watan Rajab na shekarar 1419, ina 'yar shekara tara, Baba ya shigo gidanmu na unguwar Al-Sih a Madina rungume da wani koren akwati, yana murmushin da ban taɓa gani a fuskarsa ba. Inna tana tsintar shinkafa a tsakar gida, ni da ƙannena mata biyu muna carafke da ƙwallon dabino. Ya dire akwatin a kan tabarma ya buɗe, sai ga sandar kamun kifi mai harhaɗawa da ledojin ƙugiya da tanoni na roba, dogaye, masu kaurin yatsa, baƙaƙe da jajaye, suna ƙyallin mai. Ƙannena suka ƙwalla ihu suka ɓuya bayan Inna. Ɗan mai gonar da Baba yake wa aiki ne ya dawo da kayan daga karatu a ƙasar waje, ya gaji da ajiyarsu, ya ba shi.

Baba masunci ne ɗan masunci, haifaffen bakin tafkin Chadi. Aikin hajji ya kawo shi, zama ya kama shi, ya shekara ashirin yana hawan dabino da gyaran hanyar ruwa a wata gona wajen kwarin Aƙiƙ. A duk shekarun nan bai ga ruwan da ya fi kududdufin ban-ruwan gonar girma ba. Idan na kai masa gurasar tamis da waken ful da hantsi a ranakun hutu, nakan tarar da shi tsugune a bakin kududdufin yana kallon 'yan karfasar da ke ciki, waɗanda ko tafin hannuna ba su kai ba. Ciwon sukari ya riga ya fara cin idonsa a lokacin, don haka ni na zama mai karanta masa lambobin da ke jikin ledojin ƙugiya.

Kullum bayan la'asar, in na gama wanke-wanke da cika tulunan sha, sai mu baje kayan. Yakan ɗora tanar a tafin hannunsa, ya gwada ƙugiya a jikinta, ya nuna mini ratar da ke tsakanin tsini da ƙafar ƙugiyar. Ya ce dole ratar nan ta ninka kaurin tanar biyu, in ba haka ba, idan kifi ya cafka robar za ta dunƙule ta toshe tsinin, ya tofar ya yi gaba. "Babbar tana, babbar ƙugiya," haka yake faɗa, "wanda ya yi rowar ƙarfe ya ciyar da kifi kyauta." Ledojin ƙanana suna da yawa, amma manyan, masu lamba biyar bisa sifili, leda ɗaya ce tak, guda biyar a ciki. Su yake ajiye wa teku. Direban gonar yakan kai dabino Yanbu, garin da ke bakin teku, kuma ya yi alkawarin tafiya da Baba da zarar mai gida ya sa hannu a takardar izinin tafiya. Wata biyar muka yi muna jiran takardar nan.

A makaranta kuwa, akwai 'yan ajinmu da ke tsokanata cewa ubana mai kwasar taki ne. Na gaya musu ya taɓa kama giwan ruwa wanda ya fi shi tsawo, suka yi ta dariya, wai a wane teku, na dutsen Uhudu? Abin ya ci mini rai. Wata Asabar na zare ledar manyan ƙugiyoyin da tana ɗaya na cusa a jakata. Lokacin tara, ina cikin nuna musu a gindin katanga, wata ta fizgi tanar ta jefa wa ƙawarta a wuya, ihu ya tashi, malama ta iso. Ta duba ƙugiyoyin, ta ce waɗannan ai sai su tsone idon wata, ta wuce da su ofis. Na bi ta ina roƙo da Larabci da Hausa a haɗe, ta ce in turo uwata. Ban tura ba, domin tura Inna daidai yake da gaya wa Baba. Da na yi ƙarfin halin tambaya bayan sati biyu, aka ce an zubar da su.

Takardar ta fito bayan Babbar Sallah. Muka tashi bayan asuba, ni da Baba a gaba kusa da direba, kwandunan dabino a baya. Duk tsawon hanyar nan ta duwatsu Baba yana ta ba direba labarin kwale-kwalen mahaifinsa. Da muka sauka a bakin ruwa ya tsaya ya shaƙi iska. Sannan ya zauna a kan dutse, ya zaɓi tana mafi girma, ya miƙo hannu ya ce, "Hauwa, ba ni mai biyar." Na ɗauko mai biyu na sa masa a tafi. Ya shafa ta da babban yatsa, ya juya ta, ya sake shafawa. Ya ɗago kai ya dubi wajen da nake, da idanun nan da suka fara fari. Na jira faɗa, na jira ko da tambaya ce. Abin da ya ce kawai shi ne, "To, wannan ma ƙugiya ce."

Ya yi ta jifa har rana ta take. Gab da azahar sandar ta lanƙwashe, zaren ya yi ƙara, Baba ya miƙe tsaye kamar saurayi yana kiran sunan Allah. Na ga kifin da idona, irin wanda ake kira hamur ne, ƙato, mai ɗigo-ɗigo, ya taso har kusa da duwatsu. Sai zaren ya saki. Da ya naɗo, tanar ta fito a dunƙule, tsinin ƙugiyar yana binne a cikin robar, ko fitowa bai yi ba. Ya warware ta a hankali ya mayar cikin akwati. Direba ya danna hon, domin sai ya koma Madina kafin magariba. Muka tattara kayan muka shiga mota.

Bai sake zuwa teku ba. Kafin shekara ta zagayo idon ya rufe, aikin gona ya ƙare, ya koma zaman ɗaki. Shekara shida ina kai masa abinci, ina yanke masa farce, ina shirya maganar a bakina, in na buɗe baki sai in tambaye shi ko yana son shayi. Bai taɓa tayar da zancen ba, ni ma ban taɓa ba, har aka ɗauke shi zuwa maƙabartar Baƙi'a wata safiyar Laraba.

Yanzu Yanbu tafiyar awa biyu da 'yan kai ce a motar mijina, ba takarda ba roƙo. Ɗana yana da sanduna uku, ƙugiya kuwa kwali-kwali yake saye, ya yar da wadda ta yi tsatsa ko waiwaye babu. In na yi masa Hausa da Larabci yake amsa mini, kuma bai san kakansa ya taɓa riƙe zare ba. Nakan zauna a inuwa in riƙe musu takalma har su gama. Da ma Baba ya yi mini faɗa ranar nan.