Fuskar Yaya Sani

Ranar Juma'ar da ta biyo bayan ƙaramar Sallah, a shekarar da labarin zinariyar Tchibarakaten ya cika Arlit, yayana Sani ya zauna bisa wata tsohuwar taya a tsakar gidanmu, ya ce in zana shi. Ina da shekara goma sha biyu. Na yago takardar buhun siminti, na zaro gawayi daga murhun Inna, na durƙusa gabansa. Ba ya iya zama shiru, yana ta motsi, yana korar ƙuda, yana cewa, "Hadiza, yi sauri, wuyana ya ƙage."

Daga nan duk Juma'a, in na gama wanke-wanke na ba awaki dusa, sai ya zauna mini. Na gwada guntun allin da nake tsinta a lakwal, wato makarantar boko, na gwada bik na rubutu, na jiƙa jar ƙasa don kalar fatarsa, na yi inuwar wuyansa da ragowar shayin Baba. Na gwada lalle, ya ɓata takarda. Tozalin Inna kuwa ya fi komai fito da idanunsa, sai dai na sha faɗa da ta gane. "Yarinya ta bar aiki tana zanen mutane," in ji ta. Yaya Sani ya yi dariya, ya ce zai sayo mini fenti na gaske idan ya dawo daga wurin zinariya.

Ya hau mota da jarkokin ruwa ya tafi. Bai dawo ba. Rami ya rufta da shi, can aka rufe shi, abokan aikinsa suka kawo mana bargonsa.

Bayan sadakar arba'in Inna ta kira ni ɗaki, ta ce in kawo takardun nan. Ta daɗe tana duba su ɗaya bayan ɗaya. Gawayin ya goge, shayin ya koɗe. "Ba haka bakinsa yake ba," ta ce a hankali. "Sake zana mini shi." Ta miƙo mini tozalinta da hannunta. Na zauna har la'asar, amma duk fuskar da ta fito ta wani ce daban.

Yau ina da fenti iri-iri da takarda mai kyau, baƙi kuma suna zauna mini ba motsi har in gama. A da kayan aiki ne babu, mutumin yana nan. Har yanzu Inna ba ta samu abin da ta roƙe ni ba.