Maɓallin Shafi na Arba'in da Takwas

Kakata Donka ta yi shekara talatin da huɗu tana ɗinka maɓalli a kamfanin rigunan garinmu, kuma har yau in ka zo gaishe ta, gaban rigarka za ta fara dubawa kafin fuskarka. Ita ta raine ni. Ina da shekara biyar iyayena suka tafi Sifaniya aikin gona, wai za su dawo bayan shekara biyu, shekara biyun nan kuwa har yanzu ba ta cika ba. Don haka in na ce ina tsoron rasa ta, a gane cewa ita ce gidan gaba ɗaya. Ga shi kuma akwai abin da na ɓoye mata tun ina 'yar shekara goma sha shida, wato ni mace 'yar'uwata nake so. A lokacin da abin da zan ba da labarinsa ya faru na yi shekara uku ina zaune da Kalina a birnin Plovdiv, Kaka kuwa ta san ta ne da sunan "yarinyar nan da kuke ɗaki ɗaya".

Kaka ba ta tashi da karatu ba. Shekarar da aka rufe kamfani, a cikinta kakana Marin ya rasu, hannu ya rasa abin yi, gida ya yi shiru. Sai ta faɗa ɗakin karatu na gari, ta kama kantar littattafan soyayya daga farkonta. Ba ta iya karatu da baki a rufe ba. Tana zaune kusa da murhu za ka ji ta ja tsaki.

"Ji sakarai! Shafi ɗari biyu yana kallon ta ta taga. Ƙafarka ta karye ne?"

Ko kuma ta ɗaga bangon ta nuna mini wani ƙato mai dogon gashi. "Bilyana, dubi hannunsa. Wannan ko ƙusa bai taɓa bugawa ba."

Awonta ɗaya ne a kan kowane saurayin littafi. Kakana direban babbar mota ne, kuma a cewarta bai taɓa buɗe baki ya ce yana son ta ba, sai dai duk hunturu, kafin ta tashi, zai ajiye takalmanta kusa da murhu don kada ta sa ƙafa cikin sanyi. To ko da saurayi zai zo da fada da jirgin ruwa, tambayar Kaka ita ce, "Zai ɗumama mata takalmi?" Da yawansu sun faɗi jarrabawar nan.

Matan garinmu masu karatun soyayya suna da wata matsala. Bangon littattafan duk iri ɗaya ne, sunayen ma kusan ɗaya, sai ka kai gida ka yi nisa kafin ka gane ka taɓa karantawa. Saboda haka kowace na da alamarta ta fensir. Matar mai gasa burodi tana zagaye lambar shafi na bakwai, wata tana yin ɗan tauraro a bangon baya. Nevena mai kula da ɗakin karatun ta san ta kowa, tana kuma yi kamar ba ta gani. Ta Kaka maɓalli ne, ɗan da'ira da huji a ciki, a shafi na arba'in da takwas, don a shekarar arba'in da takwas aka haife ta. Tun ina 'yar shekara bakwai ni nake zana mata in ta gama littafi hannunta yana cikin ƙullu. Abin ya bi hannuna, har ya zama ban jin na gama littafi sai na zana.

Ina aji na goma aka kawo wa ɗakin karatun kyautar kwali biyu na littattafan matasa, aka jera su a wata kanta can ƙurya. A cikinsu na tarar da guda takwas da ban taɓa ganin irinsu ba, don a ciki yarinya ce take son yarinya, kuma ba a maishe ta abin dariya ba. Ban taɓa kai ko ɗaya gida ba. Na yi wayo iya wayona: ba na aro, don kada sunansu ya hau katina, ina zama a ƙurya in karanta bayan an tashi daga makaranta, in mayar daidai inda na ɗauko. Ina ganin ban bar sawu ba. Ashe duk wanda na gama sai na buɗe shafi na arba'in da takwas na zana maɓalli, ko tunani ban taɓa yi a kai ba.

Shekara goma suka wuce. A watan Satumba Kaka ta kira ni in zo gasa tattasai, kamar yadda muke yi duk shekara kafin mu dura shi a kwalabe saboda hunturu. Na iso da hantsi. Ta riga ta hura wuta a tsakar gida, buhu biyu na jan tattasai a gefe. Ta duba rigata, ta ja maɓalli ɗaya ta ji ƙarfinsa, sannan ta sumbace ni. Wani sabon tabarau ne a fuskarta. A kan teburin da ke ƙarƙashin rumfar inabi kuma akwai wani tulin abu da aka rufe da tawul.

Mun ɓare kusan rabin kwano kafin ta ce, "Saura kaɗan in mutu da tsoro a bazarar nan."

"Me ya same ki, Kaka? Kuma ba ki gaya mini ba?"

"Ɓare dai, hannu na aiki kunne na ji. Na cinye kantar soyayya kaf, Nevena ta ce in gwada ta yara. Na ɗauko ɗaya, na buɗe shafina, sai ga maɓalli. Na ce ikon Allah, yaushe na karanta wannan? Na ɗauko wani, maɓalli. Guda takwas, Bilyana, kuma ko bangonsu ban tuna ba."

Wuƙar da ke hannuna ta tsaya.

"Kin dai tuna yadda yayata Velika ta fara," in ji ta. "Da mantuwar makulli ta fara, ta ƙare ba ta san 'ya'yanta ba. Na ce shi ke nan, tawa ta zo. Na kwaso su duka na ce bari in gwada kaina, ko wani abu zai dawo mini."

"Kin karanta?" na tambaye ta.

"Da me zan yi da su, in jiƙa in sha? Na farko dai haushi ya ba ni. Yaran nan ba su da iyaye ne? Ba mai cin abinci, ba mai wanke kwano, kullum suna kan rufin gida suna kallon sama. Ga 'yan mata biyu, ni kuma ina ta jiran saurayi ya shigo. Shafi hamsin babu shi, shafi ɗari babu shi. Na ce wannan wane irin malalacin saurayi ne? Sai da ɗayar ta kama hannun ɗayar a bayan motar makaranta sannan na ce, au!"

Ta juya tattasai a kan wuta da yatsu, ba ta ko jin zafi.

"Na wurgar da shi bayan kujera. Kwana uku yana can. Amma kin san ni, ban taɓa barin riga da rabin maɓalli ba, balle littafi. Na ɗauko na ƙarasa. Kuma ba abin da na tuna, ko layi ɗaya. Sai na sa baƙar rigata na tafi wajen likita. Ya sa ni ƙirga baya-baya, ya tambaye ni ranar mako, har da sunan shugaban ƙasa, na ba shi amsa na ƙara masa da ra'ayina. Ya ce kaina ya fi nasa lafiya, idona ne ya mutu. Shi ne aka yi mini wannan." Ta taɓa tabarau ɗin da bayan hannu. "Na dawo gida na buɗe shafin da sabon ido. Huji biyu, Bilyana."



"Shekara talatin da huɗu ina wannan aiki. Ni zan zana maɓalli mai huji biyu? Wanki ɗaya ya cire? Mutum ɗaya na sani a duniya mai wannan ganda, tun tana shekara bakwai nake yi mata faɗa a kai."

Na sha shirya wannan rana a raina, da kalmomi masu kyau da na tsara a cikin jirgin ƙasa sau ba adadi. Ko ɗaya ban samu ba. Ina zaune da ɓawon tattasai a yatsu, ina jiran ta juya mini baya.

Ta goge hannu, ta yaye tawul ɗin. Ga su nan su takwas, bangonsu ya koɗe. Ta zaro na uku daga sama, mai shuɗin bango, ta buɗe wajen ƙarshe ba tare da ta nema ba. Na san wurin. Nan ne yarinyar take gaya wa kakarta, tsohuwar ta juya fuska bango, ba ta sake yi mata magana ba har ta mutu. Takardar shafin ta yi kumburi-kumburi, irin na takardar da ruwa ya ɗiga a kai ya bushe.

"Wannan ba shayi ba ne," in ji Kaka. "Na san tabon shayi."

Sai kuka ya ƙwace mini.

"Yi abinki, hayaƙi ne," ta ce, ita ma tana share ido da gefen gyale. "Amma ki bari in faɗa miki, na ji haushi. Ba na ce komai na gane ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Na kwana biyu ina juyi, ina tunanin bakin mutanen layin nan, ina tunanin abin da uwarki za ta ce ta waya. Amma abin da ya fi ci mini rai, shekara goma kina tsoron wata tsohuwar cikin littafi, kin ɗora mini fuskarta. Ni na yi miki kama da ita? Matar da ko miya ba a nuna ta iya ba?"

Na yi dariya cikin kuka har na sarƙe. Ta buga mini baya da ƙarfi fiye da yadda ake buƙata.

"Yarinyar nan da kuke ɗaki ɗaya," ta ce. "Kalina. Ita ce?"

"Ita ce, Kaka."

"Mhm." Ta ɗauki wani tattasai ta dube shi sama da ƙasa. "Tana ɗumama miki takalmi?"

"Gidanmu ba murhu. Amma kullum ita take tashi ta kai ni tasha in ina da aikin safe, ko da dusar ƙanƙara ake yi."

Ta yi ɗan nazari, kamar mai duba ɗinki. "To, ba laifi. Ki kira ta ta zo ranar Asabar. Buhu biyu ne, hannu huɗu ba za su isa ba. Kuma ki ce mata kada ta sa fararen kaya."

Kalina ta zo ranar Asabar da kwalin alewa. Kaka ta dubi gaban rigarta, ta ce a ciro rigar, maɓalli na biyu yana lilo. Ta ɗinke shi a tsaye, ta ciza zaren, ta miƙa mata wuƙa. Ba a yi wani dogon jawabi ba. Da rana ta zuba mata wake har sau biyu, ta kuma yi mata faɗa a kan yadda take barin 'ya'yan tattasai a ciki, irin faɗan da ni kaɗai ake yi wa a gidan nan.

Na gode wa abubuwa da yawa a kan wannan. Na gode wa wanda ya aiko da kwalayen nan biyu, ban san ko wane ne ba. Na gode wa Nevena, wadda nake zargin ta san alamar wa take tura Kaka ta gani. Har gandata na gode wa. Kaka kuwa ta ci gaba da kantar matasa, tana ta mita. Ta ce guda biyu cikin takwas ɗin shirme ne, ɗaya kuma marubuciyarsa ta kashe yarinyar a banza don ta rasa yadda za ta ƙare labari, kuma da za ta gan ta da ta gaya mata.

Ranar Litinin kafin in koma, ta ba ni littattafan in mayar. Ina tsaye gaban teburin Nevena, hannuna ya buɗe mai shuɗin bangon a shafi na arba'in da takwas. Ga ɗan maɓallin da na zana ina 'yar shekara goma sha shida, a karkace, fensirin ya dushe. A ƙarƙashin hujina biyu an ƙara wasu biyu, baƙaƙe, an danna fensirin har ya fito ta bayan takardar. Na buɗe sauran bakwai ɗin ɗaya bayan ɗaya. Duka ta bi su ta cike.