Ranar Da Aka Raba Mana But

Ko da tsufa zai kwashe mini komai daga ka, ban ga yadda zai yi ya ɗauke ranar da na fara sa takalmin ƙwallo ba. Har yau in na ga yaro yana ɗaure but a bakin fili, sai in ji dunduniyata tana zogi.

Lokacin ba a daɗe da ba Bauchi jiha ba, kuɗin mai ya shigo, komai sabo ake so. Mu kuwa yaran unguwar Shamaki ba takalmi muke buga ƙwallonmu a yashi, tafin ƙafarmu ya yi kanta, ƙaya ma sai ta yi shawara kafin ta shige mu. Ana nan sai aka ce wani koci zai zo daga Bauchi ya zaɓi yara don ƙungiyar matasa ta jiha.

Babana mutumin Katsina ne mai shagon yadi a kasuwa, kuma a wurinsa ƙwallo zaman banza ne da gudu. Da na roƙe shi, ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce, "Je ka. In sun ɗauke ka, Allah ya ba da sa'a. In ba su ɗauke ka ba, gobe kana shago, kuma kada in ƙara jin maganar tamaula a gidan nan." Baba ba ya magana biyu, na kuwa sani.

Ranar ko kunu ban iya sha ba. In shiga gida, in fita zaure, in dawo in duba inuwa ko la'asar ta yi. Har Inna ta ce, "Kai, ko ka zauna ko ka fita, ka hana ni tankaɗe!" Na fita na biya wa abokina, ɗan maƙwabtanmu, wani siririn Bafulatani. Gaskiya ɗaya ce, duk unguwar babu kamarsa a ƙwallo. Yakan yanke mutum ya tsaya ya jira shi ya tashi, ya sake yanke shi. Ni nasa zaɓen ban taɓa shakka ba, nawa ne ya hana ni sakat.

Mun tarar fili ya cika, ga 'yan unguwar Madaki, ga na Hammadu Kafi. Kocin wani gajeren mutum ne mai tumbi, wanda in ka gan shi a hanya ba za ka ce ya taɓa gudu ba. Ya sa aka sauke buhu daga mota aka zazzage. But ne sababbi fil, da safa! Muka yi musu wawa. Na samu wanda ya ɗan matse ni, na ce ba komai, ai zai saki.

Da aka hura usur sai abin ya zama wasan dariya. Muna tafiya kamar kajin da aka ɗaure wa ƙafa. Ka taɓa ƙwallo ba ka ji ta ba, ka ce za ka miƙa wa na kusa da kai, sai ta tashi sama ta nufi bishiyar maina. 'Yan kallo har da riƙe ciki. Ni kuwa ba dariya a raina, ƙamshin sabon yadi kawai nake ji a hanci.

Da aka tafi hutun rabin lokaci, abokina ya zube a ƙasa yana kwance igiya. "Wallahi wannan ba takalmi ba ne, ankwa ce," in ji shi. Ya ɗaga murya: "Malam, a iya cirewa?" Koci ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Ƙafarka ce." Nan take yawancin yara suka tuɓe. Ni ma na kai hannu, sai na fasa. Ba zan ce hankali ne ba, taurin kai ne na gado. Na dai ce a raina, in har Bauchi za ni, cikin wannan azabar zan yi wasa.

Tunda yanka ya gagare ni, dole na sake dabara. Kafin ƙwallo ta iso na riga na waiga na ga inda kowa yake, tana zuwa in tura ta gaba, in ruga in tsaya inda babu kowa. Kowane taku kamar na taka garwashi. Abokina kuwa ya dawo hayyacinsa, in na ba shi sai dai a ɗauko a raga. Fili ya ɗauki ihu, duk nasa. Na yi masa murna, na kuma ji hawaye, don na tabbata tawa ta ƙare.

Aka tashi, aka jera mu a zaune. Safata ta manne da jini. Koci ya bi layi a hankali yana kallon ƙafafu, ya nuna wani, ya nuna wani, ya zo ya wuce abokina, ya nuna ni. Ban san lokacin da na ce, "Malam, ai shi ne ya ci ƙwallayen!" ba.

"Na gani," in ji shi. "Ya nuna mini abin da ya riga ya iya. Ni wanda zan koya wa abin da bai iya ba nake nema. Kai da ƙafa ta ƙi, ka koma wasa da ido."

Da na cire but ɗin ban iya takawa ba. Abokin nan nawa shi ya goya ni har Shamaki. Da muka hango ƙofar gida sai ya ce, "Da ka ce mini kar in cire." Na ce, "Wallahi ni ma ban sani ba." Ban taɓa jin farin ciki mai ɗaci irin na ranar ba.

Na yi ƙwallo, daga baya ni ma na horar da yara, kuma ban taɓa samun mai baiwarsa ba. Abin da ranar ta koya mini shi ne, baiwa tana sa a yi wa yaro tafi, amma wanda ke yin nisa shi ne wanda in aka raba shi da abin da ya saba, zai daure ya nemi wata hanya. Shi ya sa duk yaron da na gani yana haskakawa, nakan gaya masa wannan tun da wuri, don abokina bai samu wanda ya gaya masa ba.