Kawu Babba da Injin Mai Zafi

Yayan mahaifiyata, wanda muke kira Kawu Babba, shekara talatin ya yi yana naɗin wayar injinan lantarki. Fanka, injin ruwa, injin niƙa, duk wanda wayarsa ta ƙone shagonsa ake kai shi. Ya warware ƙonanniyar, ya ƙirga zagayenta, ya naɗa sabuwa ta jan ƙarfe. Mutum ne da ba ya yarda da kowa. Ko ka rantse injinka lafiya yake, sai ya kunna, ya ɗora bayan hannunsa a jikinsa.

"Wutar da ta shiga inji, aikinta ta juya shi," haka yake cewa. "Wadda ta koma zafi asara ce, kuma akwai wanda ya jawo ta."

Teburi ɗaya suke aiki da ƙaninsa, Kawu Ƙarami. Wata rana wata mai niƙa ta dawo da injinta, sati uku kacal bayan gyara. Ta ce yana shan wuta fiye da da, ƙarfinsa ya ragu, kuma ba ya taɓuwa don zafi. Kawu Ƙarami ne ya naɗa shi.

"Zagaye nawa ka yi?" in ji Kawu Babba.

"Yadda na ƙirga a tsohuwar, Yaya."

"Ba ka rage ba?"

"In rage in kai ina?"

Daga ranar Kawu Babba ya sa ido. Safe da yamma yana auna dunƙulen waya. Idan ƙanin ya ɗauki jaka zai tafi gida, sai ya bi jakar da kallo har ƙofa. Da inji na biyu da na uku suka dawo da zafi, ya sayo kwaɗo ya garƙame akwatin waya, makulli a aljihunsa. Kawu Ƙarami ya kwashe kayan aikinsa, ya kama shago a wani lungu. Mahaifiyata ta yi zarya a tsakaninsu har ta gaji.

Inji na huɗu da ya dawo, Kawu Babba ne ya naɗa shi da hannunsa. Ya fara tsare mai injin da tambaya, ko ya ɗora masa aikin da ya fi ƙarfinsa. Da mutumin ya tafi, ya yanko guntun wayar injin ya kankare da wuƙa. Cikinta fari fat. Alminiyam ne aka shafa wa ruwan jan ƙarfe, shi ya sa wuta ke wahalar wucewa, tana ƙarewa a zafi. Shi da kansa ya sayo ta wurin sabon dillali, don yana zargin tsohon da tauye awo.

Ya je shagon ƙaninsa, ya ajiye guntun a kan teburi.

"Kankare ka gani."

"Na gani tun wata biyu, Yaya. Ragowar da ta biyo kayana na kankare."

"Me ya hana ka faɗa mini?"

"Da na faɗa, za ka yarda?"

Kawu Ƙarami bai koma ba. Suna gaisawa, idan aiki ya yi wa ɗaya yawa yakan tura wa ɗayan. Sai dai har yau, idan zancen ya taso, Kawu Babba yakan rage murya ya tambayi mahaifiyata, anya ƙaninsa bai san da wayar ba tun kafin wata biyun nan?