Guɗar Inna a Kan Jan Layi

Jama'a, yau na tara unguwa guda a banza!

Kun san digirin dakta nake yi, mai haɗa lissafi da injiniyanci da kwamfuta. Na zo gida Bakori da aikina, ina so kwamfuta ta lissafa yadda zafi ke yawo cikin rumbun masara. Tun bara take ƙi. Ɗazu da hantsi sai ga amsa daidai!

Ba wanda zan kira. Na ruga tsakar gida na ce, "Inna, albishirinki!"

Ta ce, "Goro!" Kafin in ƙara magana ta rangaɗa guɗa. Maƙwabta suka cika gida! Kawu Sale ya ce, "Aure ne ko aiki?"

Na juyo musu da kwamfutar. Jan layin lissafina ya kwanta daidai kan shuɗin layin zafin da na auna a rumbu.

Suka leƙa, suka kalli juna. Kawu ya ce, "To, Allah ya sa alheri." Ɗaya bayan ɗaya suka sulale.

Inna ta daɗe tana kallon layin. Ta kwance bakin zani ta miƙo min goro. "Ni dai ban gane ba, ɗana."

Ga shi a hannuna har yanzu. Ni ko goro ba na ci.