Shamsu Ya Faɗi a Gonar Inabi, Inna Tana Jiran Bidiyon Sallarsa

Shamsu ya rasu. Da safen nan labarin ya same ni, hannuna dumu-dumu cikin ƙullun waina.

Ammu Sayyid ne ya kira ni, wato shugaban ma'aikatan wata gonar inabi da ke hanyar Iskandariyya. Yana kuka yana Larabcinsu na ƙauye, da ƙyar na tsinci maganar. Jiya da la'asar Shamsu ya kai baƙi gonar, yana tsaye yana yi musu bayani sai ya dafe ƙirji ya durƙushe. Suka kwashe shi zuwa asibiti. Da gari ya waye rai ya yi halinsa.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ga wanda bai san shi ba, Shamsu ɗan Malumfashi ne. Karatu ya kawo shi Masar kamar yawancinku, karatun ya ƙi tafiya, ya koma tuƙi. Ya samu wata farar bas yana kai mutane yawon buɗe ido, ni kuma nake dafa wa baƙinsa abinci daga gidana nan unguwar Faisal. Yaya yake ce mini, kuma ƙani na ɗauke shi, ba da wasa ba.

Ni na kira mahaifiyarsa. Allah kada Ya sake ɗora mini irin wannan kira. Inna ba ta yi ihu ba. Sai dai ta ce, “Hadiza, tunda can za a rufe shi, abu ɗaya nake roƙo. A ɗauko mini bidiyon sallarsa, in ga waɗanda suka tsaya masa.”

Kun san haka muke yi a nan. Wanda duk ya rasu a Alƙahira, a kan ɗauki sahu a tura gida, iyaye su gani su samu sanyi. Na ce mata in sha Allahu, Inna. Na faɗa da ƙarfina, don ban taɓa tunanin akwai abin shakka a ciki ba.

Na zauna zan rubuta ta'aziyya mai sanyi irin ta mutane, sai matar wani ta turo mini sikirinshot daga guruf ɗinku na mazan unguwar Hay Sabi'.

Na karanta. Na sake karantawa.

Wani ya rubuta wai a ji tsoron Allah, mutum ya cika a gidan giya. Wani ya sa wai wannan izina ce ga masu hankali. Shi kuwa ustaz ɗin da ya fi kowa dogon rubutu, ya ce shi dai ba ya hana kowa, amma ba ya ganin ya dace ɗaliban ilimi su cika sahu a kan mutumin da aka san sana'arsa, don kada na baya su ɗauka abin ba komai ba ne. A ƙarƙashinsa kuma an jera, na'am, haka ne, Allah Ya saka wa malam.

Haba jama'a! Gawar ko wanka ba a yi mata ba.

Ni ba malama ba ce, tuwo nake tuƙawa. Ba zan yi jayayya da ku a kan littafi ba, ku kuka karanta. Kuma ba zan zo nan in ce muku aikin Shamsu ya kwanta mini ba. Bai kwanta mini ba, na kuma faɗa masa a idonsa ba sau ɗaya ba, mun yi faɗa har ya yi sati bai hau benena ba. Amma yana raye na faɗa masa, yana da bakin da zai ba ni amsa. Ku kun jira sai da ya kasa magana.

Ina so in tambaye ku wani abu. Duk bazara, wa yake sauke muku akwatunan inabi a ƙofar gidajenku? Baƙi da fari, mai sanyi, wanda ba ku taɓa saya ba? Kun wanke kun cinye, har kuna ɗaukar hoto kuna turawa gida wai ni'imar Masar. A lokacin babu wanda ya ɗaga yatsa ya tambayi daga wace gona yake. Kun sani sarai. Daɗi ne ya rufe bakin.

Wa ya ɗauko rabinku daga filin jirgi ranar da kuka sauka, kuna rarraba ido da jakar garin kunu a hannu? Wa ya tsaya muku a layin iƙama, wato takardar izinin zama, ya koya muku yadda ake magana da mai gida kada a cuce ku? Kai ustaz mai dogon rubutu, ba zan kira sunanka ba, amma ranar da matarka ta fara naƙuda motar wa ta kai ta asibiti? A wannan ranar ba ka ji warin giya a kujerun ba.

Tir.

Sau ɗaya na taɓa bin sa wannan tafiya, kuma da yake yau kowa ya zama mai ba da labarin inda bai je ba, bari in faɗi abin da idona ya gani.

Wasu iyalai ne na ofishin jakadanci, Kiristoci 'yan Jos da kudancin Kaduna, suka ce suna son abincin gida mai zafi, ba wanda aka zubo a kula ba. Shi ne ya lallashe ni na shiga motar da tukwanena. Muka ɗauki hanyar hamada. Can gaba ya tsaya wani wuri a bakin titi inda mata ke gasa fitir, wannan burodin nasu mai fala-fala da man shanu. Ya sa aka kawo da zuma da wani tsohon cuku mai gishirin bala'i. Na ɗanɗana cukun na tofar, ya yi ta dariya har da buga sitiyari, yana cewa, “Ma'alish Yaya, yi haƙuri, daddawarsu ce.”

Daga nan muka shiga Wadi Natrun, wajen tsofaffin gidajen ibadar Kiristoci masu katanga kamar ganuwar birni. Shamsu ya san tarihin wurin kamar a can aka haife shi. Ya nuna musu ƙaramar ƙofar da sai ka sunkuya, da rijiya, da ɗakin da ake ɓuya idan mahara sun zo. Wata tsohuwa a cikin baƙin ta riƙe hannunsa tana hawaye, ta ce ba ta taɓa zaton yaro Musulmi zai kawo ta nan ba.

Sannan muka isa gonar. Gaskiya wuri ne mai kyau, ba zan ɓoye ba. Layin inabi iya ganinka, kore shar a tsakiyar rairayi, ma'aikata da almakashi suna yankan nonnan inabin suna zubawa a kwanduna. Ya zagaya da baƙin, ya nuna musu wanda ake ci da wanda ake matsewa. A gefe kuma akwai ginin da ake yin abin, da gangunansa, yana fitar da wani tsami kamar gasarar da ta kwana uku. Na toshe hanci.

A bakin ƙofar ginin nan Shamsu ya tsaya. Ya miƙa su ga wani Bamisire mai farar riga, ya ce, “Yalla, sai kun fito.” Ya juyo, ya ɗauko darduma a mota, ya yi Azahar a ƙarƙashin wata bishiya tare da Ammu Sayyid da yaransa. Suka zauna shan shayi, ni ina ɗumama miya. Da yamma ya kai mu Iskandariyya muka ci gasasshen kifi kusa da tsohuwar ganuwar nan ta bakin teku.

Iyakar abin da na gani ke nan. Ban ce haka yake kullum ba, don ba kullum nake wurin ba. Ban ce kai mutum bakin ƙofa ba komai ba ne. Wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne, kuma ya riga ya isa gaban Wanda ya fi ku sanin hukunci.

Akwai kuma wata magana da na so in haɗiye, amma ta ƙi wucewa.

Ba Kiristoci kaɗai ke shiga farar bas ɗin nan ba. Akwai manya daga gida, masu zuwa ganin likita da masu zuwa taro, da babbar riga da carbi. Akwai kuma na nan cikinmu. Su ba a bakin ƙofa suke tsayawa ba, ciki suke shiga. Na sani, don ni nake zuba musu dambu a kula, na san mai son yaji da wanda likita ya hana gishiri. Yau na ga sunan biyu daga cikinsu a ƙarƙashin rubutun ustaz, sun sa Allah Ya kyauta.

Ku kwantar da hankalinku, ba zan faɗa ba. Ba don ku ba. Wata rana na taɓa cewa zan tona wani da ya yi mini rashin kunya, Shamsu ya ɓata rai, abin da ban saba gani ba. Ya ce, “Yaya, wanda ya shiga motata amana ne. Abin da aka gani a hanya a hanya yake tsayawa.” Har ya koma ga Allah ban ji ya kama sunan mutum ɗaya ba.

Ya rufa muku asiri yana raye. Ku ko kwana ɗaya ba ku iya rufa masa ba.

Ranar Talatar nan ce ganina da shi na ƙarshe. Ya zo ɗaukar kuloli, ya tarar gas ɗina ya ƙare. Sai ya saɓa tukunyar gas ɗin ya sauka, ya hauro da sabuwa har hawa na huɗu. Da ya ajiye na ga yana haki fiye da kima, ya jingina da bango. Na ce, Shamsu lafiya? Ya ce, “Tamam Yaya, tsufa ne.” Yaron da bai kai arba'in ba. Ya ciro wata leda ya miƙo mini, ganyen inabi ne ɗanye, wai in ba maƙwabciyata ta naɗe mana da shinkafa irin nasu.

Na hau shi da faɗan da na saba. Na ce, kai yanzu har yaushe za ka bar hanyar gonar nan? Ga dalar Masar, ga Fayum, ga Luksor, duk ba su ishe ka ba? Ya yi murmushi yana ɗaure bakin kula. Sai can ya ce, “Kin san Inna ba ta taɓa tambayata nawa nake samu ba? Tambayarta ɗaya ce kullum, kana cikin mutane kuwa? Ni kuma in ce mata, Inna, mutanena sun fi ƙarfin ƙirga.”

Ya ɗauki kulolin ya sauka. Na bi shi da ihu ta taga cewa ya dawo mini da murfina, kada ya sake yar da shi a hamada. Ya ɗago hannu bai waiwayo ba. Khalas, shi ke nan.

Yanzu ga inda muke. Mutanen ofishin jakadanci suna ta zirga-zirgar takardu tun safe, Allah Ya saka musu. Za a yi masa salla gobe bayan Azahar, a masallacin da muka saba sallatar mamatanmu a Hay Sabi'. Babu wanda zai ce bai san wurin ba, wasunku daga tagar ɗakinsu suna hango hasumiyarsa.

Ammu Sayyid ya sake kira ɗazu. Ya ce sun ajiye almakashi, gobe babu yanka, alhali tsakiyar kaka ake. Sun ɗauki mikrobas, ƙaramar bas ta haya, duk Musulmin cikinsu za su zo salla, Kiristocin kuma sun ce za su tsaya a waje su raka shi maƙabarta. Saboda haka Shamsu ba zai rasa masu sallatarsa ba, kada wani ya ɗauka alfarma nake roƙo.

Inna nake ji.

Ni mace ce, ba zan tsaya cikin sahunku ba, ba zan bi shi kabari ba. Da ina iyawa da ban tsaya rubutun nan ba. Abin da zan iya shi ne in ba wani wayata ya ɗauka, in tura Malumfashi kamar yadda na yi alkawari. Kuma ku ji da kyau, ba zan yanke ba, ba zan gyara ba, ba zan ce wa tsohuwa ai jarrabawa ce ta hana su ba. Yadda aka ɗauka haka za ta gani. Wanda kuma ban gani a ciki ba, kada ya sake hawo mini bene neman tuwo. Ya je ustaz ya tuƙa masa.

Ya Allah, ga Shamsu nan ya zo Maka. Ka san abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Ka yafe masa kurakuransa, Ka rufa masa asiri kamar yadda ya rufa wa bayinKa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka ba Inna haƙurin da ni na kasa samu yau. Idan tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani, a duk inda ƙasa ta kira mu.

Duk wanda ya karanta, daga ko'ina yake, don Allah ya tsaya ya yi masa addu'a, ko da Ƙulhuwallahu ce ƙafa ɗaya.

Wanda yake Alƙahira kuma, gobe ya sa hularsa ta gida ya zo. Idon Inna ya yi rauni, ba za ta gane fuska a waya ba. Hula za ta nema a cikin sahu.